Gayaunar Bakin Marke Tana da Mai Ita

Karare, ta Batsari,
tsakiyar bazara.

Zuwa ga ɗana Sada,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka a Ikko lafiya, da kai da akwatinka. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin ruwan can, da sharrin abokin da zai ce maka "zo mu je, ba nisa." Innarka tana gaishe ka. Kada ka nemi labarin gida a nan, don babu wanda ya mutu, babu wadda ta haihu, kuma ba labari ne ya sa na je aron biro ba. Haushi ne.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ubanka aji uku ya yi a elementare, na ukun ma rabinsa a durƙushe na yi shi a bayan aji, hannu sama. In ka ga wasali ya ɓace, ka ara masa daga cikin naka, kuna da su da yawa.

Ranar da za ka tafi, kana ɗaure akwati a zaure, yayana, Babanka Mamman, yana zaune kan buzu yana jan carbi, na tambaye ka, "Sada, gayaunarka ta bakin marke fa, wa ka bar wa?" Ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka ce, "Baba, a haɗa ta da gandu kawai, ni mi zan yi da gona a Ikko?" Carbin yayana ya tsaya cak. Mutumin da sai ka gaishe shi ka sake gaishe shi wai kunne ya yi nauyi, wannan maganar ya ji ta sarai, har da wasalinta. Ni kuwa na ji kamar in ɗauki akwatin in ɗora maka a ka, in danna. Na haƙura don ba a sallamar matafiyi da faɗa. To yanzu ka sauka, sai ka zauna ka ji.

Ka san doka, a cikinta aka haife ka. Gandu na gida ne duka, mai gida ke riƙe da shi, shi ke cewa a shuka, shi ke cewa a buɗe rumbu. Gayauna kuwa ɗan abin da aka yanka wa mutum ne, ya noma a ranakunsa, ya zuba a nasa rumbun, babu mai tambayarsa. Kuma in ta rasa mai ita, ta koma gandu, ba ta sake fitowa. Damina nawa na yi ina lallashin Mamman kafin ya yanka maka wannan, har gemunsa na yaba, gemun da kowa ya san ba abin yabo ba ne. Kai kuma ka mayar masa da ita a cikin numfashi ɗaya, kana neman igiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kai ɗin nan ne ka zaunar da ni ƙarƙashin darbejiya tun hantsi har aka kira Azahar, kana yi mini bayanin aikin da za ka je yi. Ni na tambaya, na sani, laifina ne. Cewa kawai na yi, "Wai mi injin nan naku yake yi?" Ban san na tsokano ba. Ka kwaso katunan nan masu huji, da doguwar takardar da innarka ta so ta naɗe ƙuli-ƙuli da ita, ka shimfiɗa a tabarma. Ka ɗauka gyangyaɗi nake yi. Ban yi ba, ido kawai na rufe don in huta da ganin bakinka. Ga abin da ka ce, ka duba in na ɓata.

Ka ce kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka raɗa wa suna. In za ku ƙidaya amfanin gona na ƙauyuka, sai ku ce wannan sunansa "jimla," wancan sunansa "adadin gonaki," ku zuba lissafi a ciki kamar ƙwarya. Ka ce babban aiki ana yanka shi ƙanana, kowane ƙaramin aiki da ɗakinsa. Sunan da aka raɗa a cikin ɗaki na ɗakin ne, na waje ba ya ganinsa, kuma da aikin ya ƙare an kwashe ƙoren. Sannan akwai tsakar gida, inda duk abin da aka ajiye kowane ɗaki yana gani, kowane ɗaki yana iya sa hannu. In inji ya ci karo da suna, sai ya fara dubawa cikin ɗakin da yake, in bai samu ba ya leƙa ɗakin da ke kewaye da shi, in bai samu ba ya fita tsakar gida, kuma wanda ya fara gani shi ne, ba ya ƙara gaba. Na ce, "Ashe injin ma ɗan gida ne." Ka ce, "Baba, bari in gama."

Sai ka ba ni labarin wahalar da ka sha a makaranta. Don lalaci, ka ajiye "jimla" a tsakar gida, kowa ya ɗauka cikin sauƙi. Ashe akwai wani ƙaramin aiki can gefe, kai da kanka ka rubuta shi ka manta, shi ma yana zuba nasa a cikin "jimla," tunda ba ka raɗa masa tasa a ɗakinsa ba. Da lissafi ya fito, wani ƙauye da bai fi a zagaye shi da jaki ba ya fi gunduma duka gero. Inji bai yi ƙorafi ba, bai yi tari ba, ya buga maka ƙaryar da kyakkyawan rubutu. Ka ce ka rame kana nema, don ba ka san hannun wa ya shiga ba, kowa yana da izini. Kuma ka ɗaga yatsa sama, kamar mai wa'azin kasuwa, ka ce, "Baba, duk abin da mutum yake so ya same shi yadda ya bar shi, kada ya ajiye shi a tsakar gida."

Kai ka faɗa. Ni shaida ne, darbejiya shaida ce.

To ni na riga ka yin wannan wautar, kuma tawa ba a takarda ta tsaya ba. Ka san labarin Babban Rumbu, don har yau in yara suna son su tsokane ni sai su tambaye ni awonsa. Shekarar da kakanka ya rasu, ni ne mai boko a gidan, aji uku cur, ina magana ana shiru. Na dubi rumbunan gidanmu, na gandu, na kowane mai gayauna, da ɗan ƙaramin da kakarka take ɓoye zangarniyar iri, na ce wannan ƙauyanci ne. Na ce a birni sito ɗaya ake yi. Na sa aka gina ƙato guda, har na ƙirƙiro masa ƙofa a ƙasa don kada a wahala da tsani. Mamman ya ce, "Iro, anya?" Na ce, "Yaya, ci gaba ke nan." Aka zuba komai ciki, har da irin kakarka, a lungu, an ɗaure shi da jan zare don a gane.

Wallahi babu wanda ya yi sata. Wannan shi ne abin takaicin. An yi baƙi, an ɗiba. An yi suna, an ɗiba. Wata ta shiga da sauri za ta yi wa maƙera fura, hannunta ya faɗa kan damin da ya fi kyau, ta ga jan zare ta ce ado ne. Kowa da hujjarsa, kowa da gaskiyarsa. Da ruwan farko ya sauka muka shiga neman iri, sai zaren muka samu, an ɗaure bakin wani buhu da shi. Kakarka ba ta zage ni ba. Kallona kawai ta yi, ta ce, "Mai boko, sai ka shuka ƙofar." Ni aka tura Runka roƙon iri gidan surukai, na tafi da girma na dawo da ƙullin gero a hula.

Don haka shawarata ta farko, tunda an ce uba ya ba da shawara. A wurin aikinka, abin da ya kamata ya zauna a ɗaki ka bar shi a ɗaki, ko da zai sa ka ƙarin rubutu. In wani aiki yana son abu, a miƙa masa ta ƙofa, ya gama ya miƙo sakamako ta ƙofa, kowa ya ga abin da ya shiga da abin da ya fita. Tsani wahala ne, amma mai hawa tsani yana tuna abin da ya kai shi. Ni da na cire tsani na san abin da na gani.

Sai maganar kundaye. Ka ce akwai ayyukan da wasu suka riga suka rubuta, an ɗaure su kundi-kundi, ku sai dai ku ɗauko ku yi amfani. Ka ce ka taɓa ɗauko kundi biyu, kowanne da aiki mai suna "matsakaici." Na ɗaya in ya tarar da gonar da ba a rubuta mata komai ba sai ya tsallake ta. Na biyu sai ya lissafa ta a matsayin gonar da ba ta ba da ko ƙwaya ba. Kai ka kira "matsakaici" kawai, wanda aka shigo da shi daga baya ya amsa, ya rufe na farko, manoma suka talauce a takarda ba su sani ba. Maganin, in ji ka, a kira aiki da sunan gidansu a gaba. Sada, wannan har makaranta ake zuwa a koyo shi? Ka tsaya a bakin masallacin Karare ka ce "Audu" ka ga yawan wuyan da zai juyo. Tun kafin a haifi mai injin muke cewa Audu na gidan Maƙera, Audu na gidan Liman. Amma ba komai, na ji daɗi da injin ya gano.

Akwai wurin da na ce ka maimaita, ka yi tsaki, ka maimaita. Ka ce yarukan inji iri biyu ne wajen neman suna. Wani yana neman ma'anar suna a inda aka rubuta aikin, gidan da aka haife shi. Wani kuma yana nema a inda aikin ya tsinci kansa lokacin da aka kira shi. Ka ce na biyun yana da sauƙin farawa, amma shi ke haukata mutum, don aiki ɗaya zai yi abu kaza yau, gobe in an kira shi daga wani wuri ya yi wani daban. Ka ga na yi dariya har na ƙware, ka ce mi ya faru. Ban gaya maka ba don kada in katse wa'azi. Abin da ya faru shi ne, ni ne na biyun.

Lokacin ina masinjan malamin gona, da kakina da kekena, muna tsaye a nan Karare ya ce mini, "Iro, in ka karɓo buhun irin gyaɗa a Safana, ka sauke shi gidan Sarkin Noma." Na ce an gama. Na je na karɓo, na ɗaure a bayan keke, na biyo ta Zakka don in sha ruwa. Ina zaune sai saƙon ya faɗo mini. Na tambayi wani mai saƙar igiya, "Malam, ina gidan Sarkin Noma?" Ya nuna mini da haɓa, ga shi nan kusa. Na ce kai, yau aiki ya zo da sauƙi. Sarkin Noman Zakka ya karɓi buhu hannu biyu, ya ce ashe gwamnati ta san da shi, ya sa aka yanka mini kaza. Na ci, na yi hamdala, na hau keke ba kaya, ina waƙa. Da na iso, malamin gona ya ce, "Ina buhu?" Na ce, "Yana gidan Sarkin Noma, ranka ya daɗe, har ya ce a gode." Sarkin Noman Karare yana zaune a gefensa. Ban yi ƙarya ba, mai saƙar igiya bai yi ƙarya ba, kazar ma ba ta yi ƙarya ba. A Karare aka haifi maganar, ni na je na nemi ma'anarta a Zakka. Har Sarkin Noman Karare ya koma ga Allah, in mun haɗu ba ya ce mini ina kwana, sai dai, "Iro, ya kazar?"

To ka ji. In an ba ka zaɓi a wurin aiki, ka riƙe yaren da ke tuna gidan da aka haifi magana. In ba a ba ka zaɓi ba, ka yi hattara ninki biyu. Kuma in ogan ofis ya ce ka kai wa Alhaji takarda, ka tsaya ka tambayi wane Alhaji, ko da zai ce kai baƙauye ne. Gara ya faɗa yau da ya riƙa faɗa har ka tsufa.

Yanzu ga inda nake son in kai ka, duk sauran zagaye ne irin na masinja.

Daf da Azahar, muryarka ta riga ta dushe, ka ce akwai wani abu da malaminku ya zo da shi daga waje, a wani sabon yare, kai ma bai daɗe da zama maka ba. Ka ce aiki yana iya haihuwar aiki. Uban ya gama nasa ya tafi, kuma bisa ƙa'ida ya kamata a kwashe ɗakinsa. Amma in ɗan da aka haifa a ɗakin yana amfani da wani abu na ciki, to ba a taɓa ɗakin. Ɗan zai tafi duk inda aka aike shi, a kira shi a can nesa, cikin baƙin ɗakuna masu nasu sunaye, amma in ya buƙaci abin nan, na ɗakin haihuwarsa zai ɗauko. Kuma babu wani na waje da zai iya sa hannu a ciki. Ka ba ni misali da mai ƙirga buhu. Ka ce in uban ya haifi masu ƙirga biyu, a kira biyu daban, kowanne da nasa ɗakin, wannan ya ƙirga na Batsari, wancan na Safana, kowanne yana tuna inda ya tsaya, lissafinsu ba ya cakuɗewa har abada.

Na ce, "Wato guzuri ya ɗauka."

Ka ce, "A'a, Baba. Guzuri ƙarewa yake yi, kuma in wani abu ya sauya a gida guzuri bai sani ba. Wannan makulli ne. Ɗakin yana nan da ransa. In ya ƙara abu a ciki yau, gobe zai same shi."

Na ce, "To in ya yar da makullin fa?"

Ka ce, "Ranar da inji ya duba ya ga babu sauran mai riƙe da ɗakin, sai ya zo ya share shi, ya ba wani wurin. Ba mugunta ba ce, wuri ne ba shi da yawa."

Sada, ka san sunan wannan injin a gidanmu? Mamman. Kuma shi ma ba mugunta ba ce. Yana da 'ya'ya maza suna tasowa, ƙasa ba ta ƙaruwa, duk bazara sai ya zagaya da sandarsa ya ga wace gona ce ba mai riƙe da ita. Aikinsa ke nan, in ni ne mai gida haka zan yi. Kai kuma ka tsaya a gabansa ka jefar da makulli, kana tambayar ina igiya.

Ka ce mi za ka yi da gona a Ikko. Ni ma na taɓa yin wannan tambayar, da irin wannan muryar, sai dai ni ba Ikko zan tafi ba, Batsari ce, nan kusa. Ranar da aka ba ni kaki da keke, na zo gida ina buga ƙararrawa tun daga bakin rafi. Ina da gayauna a lokacin, ta bayan tsohuwar rijiya, wadda ka taso ka ga ana shuka dawa a ciki, ba ka taɓa sanin tawa ce ba sai in an faɗa cikin raha. Na ce wa Mamman, "Yaya, a haɗa ta da gandu, ni yanzu ma'aikaci ne." Ya ce, "Ka tabbata?" Na buga masa ƙararrawa. Aka share iyaka, aka tuge kalgon da ke tsakani, a damina ɗaya ba ka iya nuna inda ta fara.

Sai kuɗin man fetur ya zo. Aka sayo wa malaman gona babura, aka kawo mota, wa zai jira masinja mai keke? Suka sallame ni da godiya. Keken ma nasu ne, sai da na tura shi na mayar, na dawo Karare da ƙafa, kakin ya riga ya koɗe a gwiwa. Babu wanda ya kore ni daga gida, babu wanda ya hana ni tuwo. Amma daga ranar har yau, ga furfura a kaina, in innarka tana son damin gero ta kai wa 'yar'uwarta biki, sai na je na tsaya bakin ɗakin yayana na yi gyaran murya. Yana ba ni, bai taɓa hanawa ba. Sai dai yakan tambaya, "Na mi?" Kai ba ka san nauyin "na mi" ba. Ni na mai da shi abin dariya don in iya ɗauka, shi ya sa ake ce da ni mai barkwanci.

Ba na yi maka fatan abin da ya same ni. Injinku ya fi keke, na yarda. Amma kai da bakinka ka ce yaren da ka koya a shekarar farko har an fara cewa ya tsufa. Ban san Ikko ba, ban san ofis mai sanyi ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na gane rabin takardun da ka shimfiɗa ba. Abin da na sani, ofis tsakar gida ne, hannuwa da yawa ke shiga, wanda ba ka taɓa gani ba yana iya sauya abin da aka rubuta a gaban sunanka. Ya kamata mutum ya kasance da wuri ɗaya da sai shi.

Ga abin da na yi bayan tafiyarka. Washegari bayan La'asar na ga Mamman ya ɗauki sanda ya nufi bakin marke, manyan 'ya'yansa biyu suna biye da shi da fartanya. Na bar fura a ƙwarya na bi su, takalmi ƙafa ɗaya. Na same shi yana zungurar iyaka.

Na ce, "Yaya, barka da yamma. Mi ake nema?"

Ya ce, "Ba a neman komai. Mai gona ya ce a haɗa."

Na ce, "Yaro ne, zafin tafiya ne ya yi magana."

Ya ce, "Yaro mai gemu? Iro, da kunnena na ji."

Na ce, "Kunnen da ba ya jin gaisuwa?"

'Ya'yansa suka juya baya suna tari. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "To na ji. Wa zai noma ta? Ƙasa ba ta jiran mai takalmi."

Na ce, "Ni."

Sada, da ka ga dariyar da aka yi. Har wani mai wucewa da jaki ya tsaya ya taya su, bai ma san kan zancen ba. Mamman ya share hawaye ya ce, "Kai? Kai da in ka yi huɗa kunyarka ke tafiya kamar macijin da ya sha rana? Kai da in ka sunkuya sai an kira mutum biyu su miƙar da kai?"

Na ce, "Duk gaskiya ne. Amma riƙo nake yi, ba tawa ba ce. Gayaunar tana da mai ita, ya je aiki ne."

Ya dubi itacen marke. Ka san shi, ba mugu ba ne, lissafi ne da shi. Can ya ce, "Wagga damina na bar maku. Amma ka ji sharaɗina, kuma ga shaidu. Ranar da za a yanke geron nan, mai gonar ya zo da kansa, ya ɗaure dami ko ɗaya ne da hannunsa, ya ɗora a ka, ya kai rumbunsa ina kallo. Ba saƙo ba, ba takarda ba, ba tsaraba ba. In bai zo ba, na tuge iyaka, kuma kada in ji bakinka."

Na ce na yarda, da sunanka. Ban tambaye ka ba, kamar yadda kai ma ba ka tambaye ni ba.

Yanzu haka na gama sassabe rabi. Na roƙi Buba, Bafillacen da ke sauka bayan gari, ya zaunar da shanunsa a ciki su bar mana taki, ya yarda, sai dai shi ma da ya ga yadda nake riƙe gatari ya ce in bari ya matsa nesa tukuna. Bayana yana ciwo, innarka tana gasa mini da ruwan zafi tana faɗa, wai tsofai-tsofai da ni na tsiro da noma. Kunyoyin za su karkace, wannan kada ka sa rai. Gero bai taɓa ƙin fitowa don kunya ta karkace ba, na gani a gonakin wasu.

Abin da nake nema a wurinka ba shi da yawa. Tun yanzu, tun kana sabo ana ganin kirkinka, ka je wurin oganka ka nemi hutunka ya faɗo a kaka. Kada ka jira sai gero ya nuna ka ce ba a ba ka izini ba, na yi aikin ofis, na san wannan waƙar. In ya tambaye ka dalili, kada ka ji kunya ka ƙirƙiro rashin lafiyar wani. Ka ce kana da gona. In ya yi dariya, ka bar shi ya yi, an yi wa ubanka wadda ta fi ta. Ni zan aiko maka da zarar zangarniya ta fara nauyi. Ka taho da tsohon wando, don ƙaiƙayi ba ruwansa da ma'aikaci.

In kuma ka zauna ka yi tunani, ka ga da gaske ba ka so, to ka zo ka faɗa a bakin marke, a tsaye, kana kallon abin da ya fito, ba kana ɗaure akwati ba. In ka iya faɗa a can, ni da kaina zan taya Mamman tuge iyaka, ba zan ce uffan ba.

Allah Ya tsare ka a inda ba mu gani. Allah Ya haɗa ka da shugaba mai adalci da maƙwabci mai kunya. Ya kiyaye maka sallarka da lafiyarka da hankalinka, Ya sa injin nan ya yi maka biyayya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba bayana haƙuri har kaka, Ya kawo mini kai lafiya in ga dami a kanka. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Iro, manomin bana.